Kiristoci a Ƙasar Mafara: Gobarar 2016 da Abin da Ke Ƙarƙashinta

Kiristoci tsiraru ne ƙwarai a yammacin Jihar Zamfara. A Talata Mafara da Bakura da Maradun, mafi yawansu mutanen kasuwa ne da ma'aikata da ɗalibai: masu shagon magani, masu sayar da kayan gyaran mota da babur, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda da sojojin da aka turo aiki, da masu yi wa ƙasa hidima da ke yin shekara guda su koma gida. Akwai Ibo da Yarbawa, akwai mutanen Zuru da Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, akwai kuma Hausawa da ba su da wani harshe ko wani gida da ya wuce ƙasar Hausa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Talata Mafara mutum fiye da 200,000, amma ba ta tambayi kowa addininsa ba, don haka duk adadin da ake yaɗawa na Kirista ko na Musulmi ƙiyasi ne kawai.

A yawancin ranaku zaman lafiya ake yi. Ana ciniki, ana bashi, ana zuwa gaisuwar mutuwa, ana aika naman layya gidan maƙwabci. Sai dai wannan zaman ya dogara ne a kan kirkin mutane fiye da ƙarfin doka, kuma ranar Litinin 22 ga Agusta, 2016, garin Talata Mafara ya ga abin da ke faruwa idan kirkin ya rasa mai tsaya masa.

Yadda suka zo

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. A aikace wannan alkawari ya zama takunkumi ga 'yan mishan, waɗanda aka hana su sakewa a cikin biranen masarautu har tsawon shekaru kusan talatin. Jirgin ƙasa ne ya fara kawo Kiristoci da yawa ƙasar Zamfara. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau har Ƙaura Namoda, ya zo da akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan cinikin gyaɗa da auduga, suka zauna a Sabon Gari suka gina majami'unsu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a cikin shekarun nan ne aka bar mishan ɗin SIM ya kama aikin jinyar kutare a wurare irin su Amanawa kusa da Sakkwato. 'Yan Katolika na ƙungiyar Dominika daga Amurka sun kafu a Gusau a shekarun 1950 da makaranta da aikin asibiti. Tarzomar 1966 ta taɓa Gusau, Ibo suka fice, bayan an gama yaƙin basasa a 1970 da yawa suka dawo suka sake buɗe shagunansu.

Talata Mafara ta samu nata rabon daga baya. Tana bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, tana da babbar kasuwa da ke ci ranar Talata, sannan aikin madatsar ruwa ta Bakolori da wani kamfanin Italiya ya gina a shekarun 1970 ya jawo injiniyoyi da leburori daga ko'ina a Nijeriya. (Wannan madatsa ce kuma ta jawo harbin manoma a Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa masu neman diyyar gonakinsu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa. Ƙasar ta san jinin da ba a biya ba tun kafin a fara maganar Musulmi da Kirista.) A farkon shekarun 1990 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha, wadda yau ake kira da sunan Injiniya Abdu Gusau, ita ma ta riƙa ɗibar ɗalibai da malamai daga wasu jihohi.

Shari'a da matsayin wanda ba Musulmi ba

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, zamanin Janar Sani Abacha. Daga 1999 zuwa 2023, uku daga cikin gwamnoninta huɗu daga wannan yanki suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Saboda haka ba a iya cewa yankin ba shi da murya a fadar gwamnati.

Yariman Bakura ne ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000, daga baya jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. Haddin farko ma a nan aka yi shi: a watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a asibitin Talata Mafara bisa laifin satar saniya. Ga dubban talakawan da suka cika Gusau ran ƙaddamarwa, Shari'a fata ce ta samun adalci bayan sun gaji da kotunan da sai mai kuɗi. Ga Kiristoci kuwa fargaba ce, musamman da rikicin Kaduna na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka fiye da dubu, aka kuma yi ramuwar gayya a kan 'yan Arewa a Aba.

A rubuce, dokar ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba sai in shi ya yarda a yi masa shari'a da ita, kuma ba a sa ridda cikin laifukan da kundin ya lissafa ba. Amma dokokin da suka shafi fili ba su tambayar addini. Hana giya, rufe silima, raba maza da mata a motocin haya, hana mata hawa kabu-kabu, duk sun shafi kowa. Abin da ya fi tsaya wa Kiristoci a rai shi ne yadda gwamnati ta ɗauki siffar addini ɗaya, da ma'aikatar lamurran addini da majalisar malamai da hukumar Hisba, ana gina masallatai da kuɗin jama'a, alhali sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin nata. Magoya bayan Shari'a suna amsawa da cewa sashe na 38 ya ba Musulmi 'yancin bin addininsa gaba ɗaya, kuma Shari'a ɓangare ce ta addinin. Har yau wannan gardama tana nan.

Wani abu ya faru a Nuwamban 2002 da ya kamata a ajiye a rai. Bayan rubutun 'yar jarida Isioma Daniel a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, da tarzomar Kaduna da ta biyo baya, mataimakin gwamnan Zamfara na lokacin, Mahmud Aliyu Shinkafi, ya fito fili ya halatta jininta. Gwamnatin tarayya ta ce maganar ba ta da tushe a doka. Duk da haka matasa sun ji da kunnensu cewa mai riƙe da muƙami ya miƙa hukuncin ɓatanci ga duk wanda hannunsa ya kai, ba tare da alƙali ba.

Ranar 22 ga Agusta, 2016

Abin ya faro ne daga sa-in-sa tsakanin ɗalibai na kwalejin Abdu Gusau. Aka ce ɗaya ya zagi Annabi Muhammadu (SAW). Kafin a tambayi me ya faɗa, ko wa ya ji, taro ya rufe shi da duka har aka ɗauka ya mutu. Wani mazaunin garin, Musulmi, ya ba da motarsa aka kai yaron asibiti. Da labari ya bazu cewa wanda ake zargin yana da rai, fushin ya koma kan wanda ya taimaka. Aka ƙona shagonsa, aka wuce gidansa aka banka masa wuta da mutane a ciki. Rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da mutuwar mutum takwas. Aka sa dokar hana fita a garin, aka rufe kwalejin, Shugaba Muhammadu Buhari ya kira kisan dabbanci ya yi alkawarin doka za ta yi aikinta.

Daga nan sai gardama ta koma kan gawawwaki. Rahotannin farko, da sanarwar wasu shugabannin Kirista, sun ce ɗalibai Kiristoci ne aka ƙona. Gwamna Yari, wanda a garinsa ne abin ya faru, bayan ya gana da shugaban ƙasa a Abuja ya shaida wa 'yan jarida cewa duk waɗanda suka mutu a gidan Musulmi ne, ya kira lamarin aikin shaiɗan. Ko a kan shi kansa ɗalibin rahotanni sun saɓa: wasu sun ce Kirista ne tun asali, wasu sun ce Musulmi ne da ya koma Kirista.

Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Masu son nuna ana yi wa Kiristoci kisan gilla sun ci gaba da yaɗa labarin farko, masu son wanke gari suka ce tunda Musulmi ne suka mutu ai ba rikicin addini ba ne. Duka biyun sun kauce wa abin da ya fi muni. In dai bayanin gwamnan ne gaskiya, to mutum takwas sun mutu ne saboda wani nasu ya kai wanda ya ji rauni asibiti. Tsiraru a gari irin Talata Mafara ba su da yawan da za su kare kansu, kuma ofishin 'yan sanda ba ya iya tare taron ɗaruruwan matasa. Garkuwarsu ita ce maƙwabci Musulmi: mai gidan haya da zai rufe ƙofa ya ce ba mai shiga, direban da zai tsaya, dattijon da zai sha gaban yara ya ce a kai maganar wurin hukuma. Wutar da aka sa wa gidan nan gargaɗi ce ga duk irin waɗannan mutane, cewa gobe in sun ga ana dukan wani su kau da kai. Ta wannan fuska, ko da ba Kirista ko ɗaya a cikin mamatan, Kiristocin garin sun yi asarar da ba ta misaltuwa.

Lamarin kuma bai zo shi kaɗai ba. A watan Yunin wannan shekarar aka kashe Bridget Agbahime, dattijuwa 'yar kasuwa, a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano bisa irin wannan zargi, kuma kafin shekarar ta ƙare kotu ta sallami mutum biyar da aka gurfanar, bisa shawarar ma'aikatar shari'a ta jihar. Ranar 12 ga Mayu, 2022, ɗalibai suka kashe Deborah Samuel suka ƙona gawarta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, suna ɗaukar bidiyo da wayoyinsu, fuskokinsu a buɗe. Mutum biyu aka kai kotu, ba ma da tuhumar kisan kai ba, daga baya aka sallame su saboda masu gabatar da ƙara sun daina zuwa. A Yunin 2023 kuma, a mayankar Sakkwato, wani mahauci Musulmi ne aka jefe har lahira. Zargin ɓatanci ya zama makamin da kowa zai iya ɗauka a kan abokin gaba ko abokin hamayyar kasuwa, sai dai ya fi saurin kama wanda ba shi da dangi a gari.

Wariyar da ba ta da hayaƙi

Tarzoma takan zo sau ɗaya a shekaru. Abin da Kiristocin Zamfara suka fi kuka da shi, ta bakin ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) da shugabannin coci, yana faruwa ne a ofis, cikin ladabi, da kalmar "a dawo gobe".

Na farko fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Coci-coci a jihohin Arewa maso Yamma sun daɗe suna cewa takardar neman filin majami'a takan shiga ma'aikata ta kwanta shekara da shekaru, ba a ce an ba su ba, ba a ce an hana ba. Sai jama'a su sayi fili da sunan mutum ɗaya a matsayin gidan zama, su riƙa ibada a ciki. Ranar da wani ya kai ƙara, hukuma ta zo ta ce ginin ba ya bisa ƙa'ida, kuma a takarda gaskiyarta ne. Haka majami'ar da aka ƙona a tarzoma, irin wadda ta biyo bayan zaɓen Afrilun 2011 ta kuma shafi jihohin Arewa goma sha biyu har da Zamfara, sake gina ta yakan buƙaci izinin da tun farko ba a samu ba.

Sai makaranta. Sashe na 38 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, amma iyaye Kiristoci suna kukan cewa makarantun gwamnati da yawa ba su da malamin darasin addinin Kirista, don haka yaro ko ya zauna a ajin addinin Musulunci ko ya fita waje har a gama. Mai hali yakan kai ɗansa makarantar kuɗi, marar hali ya haƙura.

Babbar matsalar ita ce takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Da ita ake neman aikin gwamnati, da gurbin karatu, da tallafin karatu, da shiga soja ko ɗan sanda, kuma manyan makarantun jihohi sukan caji baƙo kuɗi fiye da ɗan jiha. Wannan cuta ce ta ƙasa baki ɗaya. Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos yana fama da ita, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna a rahotonta na 2006 kan wariyar 'yan asali da baƙi. Ɗan Ibon da aka haifa a Mafara, wanda Hausarsa ta Zamfarci ce tsantsa, baƙo ne a takarda har ya mutu. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne Bahaushe Kirista, irin waɗanda ke cikin Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, da yawansu jikokin Maguzawa. Shi ba shi da wata jiha da zai koma ya karɓo takarda, a gida kuma sunansa na baftisma kaɗai kan sa ma'aikaci ya ɗaga kai ya tambaye shi, "Kai ɗan ina ne?" Wanda ya bar Musulunci ya koma Kirista kuwa, doka ba ta hukunta shi, amma yakan rasa gado da mata da wurin zama, sau da yawa sai ya bar garin.

Zamanin 'yan bindiga

Duk wanda zai yi maganar tsaro a Zamfara a yau dole ya faɗi gaskiya: mafi yawan waɗanda 'yan bindigar daji suka kashe ko suka sace Musulmi ne, manoma ne, kuma masu kashe su ma sunan Musulmi suke amsawa. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta sa aka katse layukan waya a jihar. An kai hari masallatai ana tsakar salla, an ɗora wa ƙauyuka harajin noma.

Saboda haka idan aka ɗauki labarin Zamfara aka cusa shi cikin maganar kisan ƙare dangi ga Kiristoci, kamar yadda wasu ke yi a ƙasashen waje, an zalunci dubban Musulmin da aka binne a ƙauyukan Maradun da Anka da Zurmi. Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da take ganin ana tauye 'yancin addini a Disamban 2020, ta cire ta a Nuwamban 2021, ta mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025, kuma kowane karo gardamar takan koma ta ƙirga gawa: su wa suka fi mutuwa. Sai dai yawan mamatan Musulmi ba ya goge kukan Kirista. A ƙarshen Nuwamban 2021 rundunar 'yan sandan Zamfara ta tabbatar da samun wasiƙar da ba sa hannu, mai barazanar kai hari coci-coci in ba su daina ibada ba, har aka ƙara musu tsaro. Ɗan bindiga yana sace kowa don kuɗi. Taron da ke ƙona gida saboda zargi, da ma'aikacin da ke danne takardar fili, ba daga daji suka fito ba, mutanen gari ne, kuma maganinsu yana hannun hukumomin gari.

Abin da doka da addini suka tanada

Babu tsarin shari'a ko ɗaya a Nijeriya da ya ba taron jama'a ikon kisa. Sashe na 33 na tsarin mulki ya kare rai. Kundin Penal Code na Arewa, a sashe na 210, ya sa cin mutuncin addini cikin laifuka, da ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. Ko a Kano, inda kundin Shari'a ya tanadi kisa ga Musulmin da ya zagi Annabi, sai an bi ta kotu da ɗaukaka ƙara, kuma a Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce wannan tanadi ya saɓa wa yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam da Nijeriya ta sa wa hannu.

A fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar nan suka tashi a kai, zartar da haddi aikin shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaidu adilai ko iƙirari, kuma wanda ya yi gaban kansa ya yi wa hukuma shisshigi. Ingantaccen hadisi a Bukhari ya yi gargaɗin cewa wanda ya kashe mutumin da ke cikin amanar Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, wani hadisin kuma ya hana azabtarwa da wuta. Daular Usmaniyya kanta ta zauna da Maguzawa a matsayin 'yan amana. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ke jagorantar majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta NIREC tare da shugaban CAN, ya yi tir da kisan Deborah tun ranar da aka yi shi. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, duniya ta yaba masa. Mutumin Talata Mafara da ya ba da motarsa irin wannan aikin ya yi, shi kuwa aka saka masa da gobara.

Raunin yana wurin aiwatarwa. Ɗan siyasa yana tsoron a ce ya goyi bayan mai zagin Annabi, mai gabatar da ƙara yana tsoron taron da zai cika harabar kotu, wasu masu wa'azi kuma sukan yi tir da kisan da rabin baki, su ƙare da cewa ai shi ma wanda aka kashe shi ya ja. Matashin da ya ga an sallami na Kano da na Sakkwato ba shi da dalilin jin tsoro.

Rayuka takwas aka rasa a gida ɗaya a Talata Mafara, shugaban ƙasa ya yi alkawarin hukunci a bainar jama'a. Haƙƙi ne a kan gwamnatin Jihar Zamfara da rundunar 'yan sanda su fito su faɗa wa iyalan mamatan, da Musulmi da Kiristocin garin, su wa aka kama, wace kotu aka kai su, da hukuncin da aka yanke.